Sau Ɗaya Kawai Bappa Ya Roƙe Ni

Bappa ya rasu.

Na rubuta layin nan na goge ya fi sau biyar. Duk lokacin da na kalle shi sai in ga kamar wani ne ya ɗauki wayata yana mini wasan da bai dace ba.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsaye a ƙofar ɗakin sanyi a nan Fatakwal, ana loda mini kwalayen kifi a mota, ruwan garin nan da ba ya gajiya yana ta zuba. Wayata ta yi ƙara, na ga matata ce daga Gombe. Ta san ba na ɗagawa lokacin lodi. Da ta kira na uku sai na ajiye kwali na ɗaga.

Ta ce, "Baban Ummi, nemi wuri ka zauna."

Na ce, "A cikin ruwan zan zauna? Faɗi abin da ya faru."

Ta ce, "Bappa tela ne. Ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Kafin a samo abin hawa, shi ke nan."

Na ce wane Bappa.

Ku ji fa. Wane Bappa. Kamar ina da guda goma.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ban taɓa jin ko zazzaɓi ya kwantar da shi ba. Mutumin da na girme wa da shekara biyu. Jiya jiyan nan, in ji ta, yana shagonsa a Jekadafari yana taka keken ɗinki yana tsokanar masu wucewa.

Ƙarfe sha ɗaya aka sallace shi. Ko da na watsar da kifin mutane a titi na kama hanya a lokacin, sai gobe zan ga Gombe. An rufe shi ina cikin cunkoson motoci.

Yawancinku a shafin nan kun san ni ne da direban nan mai mita a kan ramukan hanya. Amma akwai tsofaffin 'yan Gombe da suka san ni da wani sunan: Manu na Layin Baya.

Mu huɗu ne. Bappa ke rubuta baitoci, shi ke rerawa. Ishaya ke fitar da karin waƙa a fiyano. Dogo na jita. Ni ne mai ganguna, irin na zamanin nan da muke ce wa jaz. A wani ɗaki da ke bayan gidan su Dogo a Bagadaza muke gwaji, ta wani lungu ake shiga, daga nan sunan ƙungiyar ya fito. Shekara bakwai muka yi. In kin yi aure a Gombe a shekarun nan, ko kin je bikin ƙawa, da wuya a ce ba ki taka rawar gangata ba.

Waƙoƙin duk na mutum biyu ne, wannan ban taɓa musu ba. Bappa da Ishaya. Littafi ɗaya suke da shi, irin na 'yan makaranta. A shafin dama Bappa ya rubuta baitocinsa da ajami. A na hagu Ishaya ya jera do-re-mi ɗinsa da ya koya a ƙungiyar mawaƙan cocinsu a Madaki. Wannan ba ya iya karanta na wancan, wancan ba ya iya karanta na wannan. Littafin ya kwana biyu wajen ɗaya, ya kwana biyu wajen ɗayan, sai su haɗu a shagon ɗinki kowa ya rera wa ɗan'uwansa abin da ya rubuta. Dogo yakan ce ko ɓarawo ya sace littafin nan sai ya dawo ya sace su su biyun kafin ya amfana.

Amma muna da doka ɗaya. Waƙa ba ta zama ta Layin Baya sai na ɗaga sanduna na buga su sau huɗu.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Sannan kowa ya shigo. In ban buga ba, waƙar ta koma littafi.

Kuma na mayar da da yawa. Bari in faɗa tun yanzu, kada a ce na ɓoye. Duk lokacin da suka kawo mai sanyi, mai tafiya a hankali, sai in ajiye sanduna a cinya in ce, "Wannan wace amarya ce za ta taka? Makoki aka gayyace mu?" Bappa ya yi dariya ya ce, "To Sarkin Hayaniya, mun ji." Ya juya shafi. Bai taɓa yi mini gardama ba, ni kuma ban taɓa tambayar kaina inda waƙoƙin suke zuwa ba.

Jos suka je.

Wata rana suka ce za su bikin wani ɗan'uwan Ishaya, mako guda. Har mota na raka su. Ashe situdiyo suka shiga, suka ɗauki waƙa goma cikin waɗanda na mayar, suka sa wa albam ɗin suna Bayan Taro. Su biyu kawai.

Ba daga bakinsu na ji ba. A kasuwa na gani, a rumfar masu tura waƙa a waya. Fosta ce manne a jikin katako, fuska biyu. Na tsaya ina neman tawa kamar wawa. Mai rumfar ya leƙo ya ce, "A'a, Manu, ashe an sallame ka? Ai yanzu fiyano ma tana buga ganga, kuma ba ta cin abinci." Mutanen wurin suka kwashe da dariya.

Ban tambayi kowa komai ba. Kowa ya san yadda ake yi a situdiyo: a danna maɓalli, na'ura ta buga abin da mutum ya yi shekara goma yana koyo. Na ce shi ke nan, sun sa na'ura a kujerata. A ranar na samo mai baro, na kwashe gangunana daga ɗakin Bagadaza. Dogo ya yi wata biyu yana kai da kawowa tsakaninmu, ya gaji, ya koma gonar babansa. Layin Baya ta mutu.

Har yau in an tashi zancen a Gombe cewa ake Bappa da Ishaya ne suka kashe ƙungiya. Ni ma haka na bari aka yi ta faɗa. To ku gyara. Sun yi ƙarya, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya fara fitar da kayansa daga ɗakin nan ni ne.

Na sayar da gangunan, na yo kudu. Shekara tara ke nan.

Na rufe lambobinsu duka biyu. Na rantse ba zan saurari albam ɗin nan ba, kuma rantsuwar ba ta yi mini wuya ba, domin bai je ko'ina ba. Ba a sa shi a biki, ba a ji shi a mota. Da aka ce mini bai karɓu ba, wallahi daɗi na ji. Allah ya yafe mini. Duk wanda ya ɗauko mini zancen a waya, ko gaisuwa ba ma ƙarasawa.

Shi kuwa Bappa bai san yadda ake gaba ba. Ko ya sani ya ƙi koya.

Duk Sallah sai 'yata Ummi ta sa sabon kaya da ban biya kuɗin ɗinkinsa ba. Matata ta ce wai wata ƙawarta ce. Wace ƙawa? Na san ɗinkin Bappa ko a duhu, yadda yake ninke bakin hannu sau biyu. Yarinyar tana girma, kayan suna bin ta daidai, wato akwai mai zuwa yana karɓar awo. Na yi kamar ban gane ba. Ban hana ba, ban gode ba.

Jakar da nake sa sandunan ganga, shi ya ɗinka mini da ragowar shadda tun farkonmu. Na sayar da komai, ban san abin da ya hana ni sayar da sandunan ba. Suna ƙarƙashin kujerar motar nan.

Akwai wani biki a Kumo da tafin hannuna ya tsage ana tsakiyar wasa, jini yana bin sanda. Ban faɗa wa kowa ba. Bappa ya waiwayo sau ɗaya, sai kawai ya tsayar da waƙa ya hau yi wa dangin ango kirari, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba. Ya fi minti goma yana surutu, har na samu na ɗaure hannun. Da muka sauko na ce ya ɓata lokaci. Ya ce, "Kai dai ka nemi man kaɗanya."

Irin mutumin da na yi shekara tara ina gaba da shi ke nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekara biyu da suka wuce ne, da Innata ta rasu na je gida. Kwana ukun nan na zaman makoki kullum yana can ƙarshen tabarma. Shi ke tashi ya ɗebo wa baƙi ruwa. Na miƙa masa hannu kamar yadda na miƙa wa kowa, na ce masa ya hanya, kamar daga wani gari ya zo.

Ranar da zan koma, da hantsi, na same shi a tasha yana jirana da leda a hannu.

Ya ce, "Sarkin Hayaniya. Har yanzu fushin ne?"

Na ce, "Ba fushi nake ba. Na manta da ku ne."

Ya ce, "Wanda ya manta ba ya ɗaure fuska haka. Ka ga goshinka kuwa? Kamar an yi masa tattara."

Saura kaɗan in yi dariya. Na danne. Yau na fi jin haushin dannewar nan fiye da komai.

Ya miƙo ledar. Riga ce, ya ɗinka mini ba tare da awo ba, kuma ta zauna daidai, har tumbin da na ajiye ya lissafa da shi. Sannan ya ciro wata 'yar jaka ta ƙyalle, ba ta fi kan yatsa ba, an ɗinke bakinta. Ya ce memorin waya ne a ciki.

Na ce, "Na san abin da ke ciki. Riƙe kayanka."

Ya ce, "Manu, ban ce ka so shi ba. Ban ce ka yafe ba. Sau ɗaya kawai. Ko a hanya, ai tafiyar da nisa. Ka ji shi sau ɗaya, in ka ga dama ka jefar ta taga."

Na ce, "Zan gani."

Ya ce, "Ba gani na ce ba, ji."

Ya cusa mini a aljihu da kansa. Mota ta tashi. Na hango shi ta madubi yana tsaye, hannu a baya, zaren ɗinki manne a hularsa.

Ban jefar ba. Ban kuma ji ba. Na saka shi cikin jakar sanduna na tura ƙarƙashin kujera. Kullum ina zaune a kansa daga safe zuwa yamma.

Yau wajen ƙarfe sha biyu, ina hanyar kai kaya, saƙon murya ya shigo zaurenmu na 'yan unguwa a waya. Hamma Usmanu ne, yayan Bappa. Ya ce don girman Allah duk wanda yake da waƙar Bappa a wayarsa ya goge. Ya ce ƙaninsa ya bar waƙa da daɗewa, ya koma ɗinkinsa da karatunsa, kada a bi shi da kiɗa har kabari. A bi shi da addu'a.

Na ji saƙon sau biyu.

Kowa zai goge abin da ya ji. Ni kaɗai ne zan goge abin da ban taɓa ji ba. Kuma ni kaɗai ya roƙa.

Na sauke kayan farko, na sami gefen hanya kusa da wani gidan mai na faka. Na ciro jakar. Da haƙori na tsinke ɗinkin, don Bappa in ya ɗinke abu ya ɗinku. Na sa memorin a waya, na haɗa da sifikar mota.

Waƙar farko ta fara da shiru.

Na ɗauka memorin ne ya lalace. Shiru na ɗan lokaci, sai na ji mutum ya ja numfashi, sai fiyano da murya suka shigo tare. Muryar Bappa, tana nan yadda na bar ta, da 'yar dishewar nan tata. Waƙar da na taɓa kira ta makoki ce, wadda ya yi wa matan da ake bari da wanke-wanke in an watse daga biki. An watse, an bar ki da tukwane. Na tuna ranar da na mayar da ita.

Na zauna ina jiran na'urar. Na shirya mata zagi tun shekara tara. Ina jira in ji wannan bugun na roba da aka ajiye a wurina.

Baiti na farko ya wuce. Amshi ya wuce.

Babu.

Waƙa ta biyu. Shiru, numfashi, fiyano, murya. Babu ganga. Babu ko tafi. Na murɗa sifika, na duba waya, na ce ko wani ɓangaren ne ba ya fita. Sai na lura da wani abu. Shirun nan na farko ba shirun banza ba ne. Na ƙirga shi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Daidai tsawon sandunana. Kuma a tsakiyar waƙa, inda amshi zai dawo, inda na saba zubo ganguna, sai su biyun su dakata. Su bar rami. Sannan su ci gaba.

Na san ramukan nan. Ko ina barci na san su. Nawa ne.

Na tsayar da waƙar. Na nemo lambar Ishaya, na buɗe ta bayan shekara tara. Bugu ɗaya ya ɗaga.

Ya ce, "Manu." Sai kuka. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa, daga maƙabarta suke dawowa. Ya ce ya tsaya a gefe har aka idar da salla, sannan ya bi su, shi ya riƙa miƙa ruwan kwaɓa ƙasa.

Na ce, "Ishaya, ina gangar?"

Ya ce, "Sai yau?"

Na ce, "Sai yau."

Ya ce, "Kai, Manu. Kai, Manu. Allah ya shirye ka." Ya ja hanci. "Mai situdiyon ya sa mana ganga a waƙar farko, mai kyau ma. Bappa ya ji, ya cire abin kunne ya ce a goge. Mutumin ya ce ba mai sayen waƙar Hausa ba kiɗa, asara za mu yi. Bappa ya ce mai gangarmu yana Gombe. In ya ji ya so, zai buga da hannunsa. In bai so ba, haka za ta zauna. Kafin kowace waƙa sai ya rufe ido ya jira huɗunka. Ni ina kallonsa, har kai yake gyaɗawa."

Na ce, "To me ya hana ku faɗa mini?"

Ya ce, "Tsoronka muka ji, shi ya sa muka yi ƙaryar biki. Wannan laifinmu ne, ban kare ba. Mun shirya mu kunna maka in an gama haɗawa, sai mutumin Jos ya riga mu da fosta. Amma bayan nan fa? Sau biyu na ari waya na kira ka, ina cewa albam ka kashe. Na rubuto maka saƙo."

Ya rubuto. Na tuna. Na ga sunansa a layin farko na goge.

Ya ce, "Na ce wa Bappa mu aika Dogo ya faɗa maka. Ya ce a'a. Wai in an faɗa maka, don kunya za ka saurara. Yana so ka ji da kunnenka ka gane wurinka da kanka. Taurin kai dai, irin naka. Ku biyun nan kun gajiyar da ni, wallahi."

Na ce, "Masu DJ fa, shi ya sa suka ƙi shi?"

Ya ce, "Wa zai sa abin da ba a rawa da shi? Wani ma ya ce mu kawo ya ɗora mana kiɗa kyauta. Bappa ya ce ya gode."

Ruwa yana dukan rufin mota. Sannan na yi tambayar da tun safe take maƙale a wuyana. Na ce ya taɓa cewa ya yafe mini?

Ishaya ya ce, "Ban taɓa jin ya ce ka yi masa laifi ba, balle yafiya. Abu ɗaya yake tambaya. In ya ji an ce ka kira gida, ko wani ya dawo daga Fatakwal, sai ya ajiye almakashi ya ce, ya ji kuwa? Shi ke nan. Ya ji kuwa?"

Ban san yadda muka yi sallama ba.

Na ciro sandunan. Shekara tara ban riƙe su don bugu ba, yatsuna sun yi tauri da sitiyari. Na kunna daga waƙa ta uku. Da shirun ya zo na ɗaga su.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ya ja numfashi ya shigo. Daidai. Ko ƙiftawa bai saɓa ba.

Waƙa takwas na buga a kan sitiyari da murfin kular ruwa, a gefen titi, a garin da ba wanda ya san na taɓa zama wani abu. Na cike kowane rami. Wani mai sayar da ayaba ya leƙo ta gilashi ya ga ƙato da furfura a gemu yana dukan sitiyari yana kuka, ya ja da baya a hankali. Mai kayan ya kira ni sau huɗu, kifinsa yana narkewa. Gobe zan ji da shi.

Kuma bari in faɗi abin da ya kamata in faɗa a ɗakin Bagadaza: waƙoƙin nan sun fi duk abin da muka yi mu huɗu. Ni ne ban da kunne. Ina jin ƙafafun masu rawa, ba na jin waƙa.

Ban maimaita ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya ce.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutun.

Tun rana nake ganin hotunansa suna yawo, kowa yana rubuta gwani, fasihi, ba a yi kamarsa ba. Wasunku na san ku. Ku ne kuka ce albam ɗin maganin barci ne. Ku ne kuka riƙa tambayarsa a shago ko kuɗin ganga ne ya gagare su. Ba zan kama suna ba, don duk abin da kuka yi bai kai nawa ba. Ku kun ji kun ƙi. Ni ban ma ji ba.

Na ga kuma an fara faɗa a ƙarƙashin saƙon Hamma Usmanu, wasu na cewa a goge, wasu na cewa jahilci ne. Don Allah ku bari. Mutumin nan da hannunsa ya sa ƙaninsa a rami yau. Ba ranar muhawara ba ce. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Ishaya, wanda rabin aikin nasa ne, ya ce mini duk abin da iyalin suka ce shi zai bi. In shi ya iya, ku wane ne?

Masu shigo mini ta akwatin saƙo kuna cewa in turo muku, ku yi haƙuri, ba zan tura ba. Na cire memorin na mayar cikin 'yar jakarsa. Ban iya ɗinki ba, da zare na ɗaure bakin. Jibi in Allah ya yarda zan kama hanyar Gombe, in sa shi a hannun Hamma Usmanu da matar Bappa. Abin da suka ga dama su yi da shi. Nawa rabon na karɓa.

Dogo, in kana ganin wannan, kira ni. Lambata ba ta canza ba, ni ne na canza.

Ishaya, na gode da ruwan da ka miƙa a madadina.

Ƙaryar Jos kuwa, na riƙe ta shekara tara kamar wata dukiya. Ku zama shaida, na yafe ta duniya da lahira. Saura tawa, wadda ba ni da wanda zan roƙa sai Allah. In akwai wanda yake gaba da wani a cikinku, kuma an ba shi wani abu an ce ya duba, ya tashi ya duba yau. Ba wa'azi nake ba. Ni dai na ga yadda asuba ɗaya take yi.

Bappa, ka yi ta tambaya ba wanda ya iya ba ka amsa.

Na ji.

Na ji duka goman. Na buga maka huɗunka, ka shigo daidai.

Ya Allah, ga bawanka Bappa ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka tabbatar da harshensa wajen tambaya. Yadda ya suturta 'yata shekara da shekaru bai jira godiya ba, ka suturta shi da rahamarka. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da Hamma Usmanu haƙuri, ka tsaya musu. Ni kuma ka yafe mini gabar da na yi da mutumin da bai taɓa rama ta ba.

Duk wanda ya karanta har nan, kada ka tsaya a danna alamar kuka ka wuce. Ajiye wayar minti ɗaya, ka ambaci sunansa, ka roƙa masa gafara. Sau ɗaya kawai nake roƙonku.